Ranar da Kaka Ta Ƙara wa Zarto Mai

Ina aji uku a elemantare ta Gwandu shekarar da rufin ɗakin Kaka ya rufta. Da safe ne, cikin bazara, Allah ya sa tana waje tana shanya barkono. Sai muka ji rugum, ƙasa ta zubo a kan gadonta, ta binne kwanonin tasa guda biyu da ƙwaryar goronta. Magini ya zo ya zagaya, ya ce bango lafiyarsa ƙalau, azara ce ta gaji. Amma ya ce in ruwa ya sauka ɗakin na buɗe, bangon ma zai bi rufin. Kaka kuwa a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta duka, ba ta son a ambaci wani ɗakin.

A wannan shekarar ne Baffa, ƙanen mahaifina kuma autan Kaka, ya dawo daga Kurmi inda ya yi aiki da masu yankan katako. Mutane suna dawowa da atamfa da sabulu, shi ya dawo da akwatin katako mai nauyin ɗan maraƙi. A cikinsa akwai zarto mai inji, mai dogon harshe na ƙarfe, da sarƙa mai haƙora kewaye da harshen. Kullum da hantsi sai ya fito da shi ya goge, ya mayar. Ni daga bayan rumbu nake leƙensa, don a lokacin ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Baba ya so ya kira masassaƙa su sare giginya da gatari kamar yadda aka saba. Baffa ya ce a bar su, abin da za su yi kwana da kwanaki suna sara, zartonsa kafin azahar ya kayar ya yanyanka, sai tsagawa kawai ta rage. Baba ya bar shi. Kafin a shirya, masassaƙan sun karɓi aikin wani a Dodoru, gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma. Rufin Kaka ya koma wuyan akwatin nan.

Giginyar tana fadamar Kalgo, a gonar ƙanwar Kaka. Kaka ta ce ƙafarta ƙafarsu, don ba za a zaɓa mata azara tana Gwandu ba. Makaranta tana hutu, sai aka tafi da ni in riƙe mata buta da tabarma. Muka hau motar kaya, Kaka a gaba, mu da Baba a baya bisa buhunan gujiya, Baffa ya rungume akwatinsa kamar mai jego.

A tashar Kalgo aka fara. Baffa ya sayi fetur garwa ɗaya a wurin direba, sannan ya nemi baƙin mai. Yaron mota ya kawo masa wanda aka juye daga cikin inji. Baffa ya tsoma yatsa ya murza, ya nuna mini: baƙi ƙirin, da ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar an zuba masa yashi. Ya ce wannan ya gama aikinsa, in aka ba zarto shi zai cinye masa ciki. Aka kawo sabo. Na yi mamaki, don sunansa baƙin mai amma launinsa na zuma ne, yana zuba a hankali ba ya yankewa.

Kaka ta shinshina, ta kawar da kai.

"Auta, wanga abu za ka ba shi? Ga man gujiya can sabon matsa, ga man shanu wurin Fulani."

"Inna, ba ya cin su. Man gujiya daskarewa yake yi a cikinsa kamar ƙaro."

"Yo wane irin baƙo ne wanga, a ba shi man shanu ya ƙi?"

Direba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Baffa bai yi ba.

Washegari muka fita fadama. Labari ya riga mu isa. Masu kai kaya kasuwa daga Dangoma sun ɗaure jakunansu sun tsaya, masunta sun bar taru a bakin ruwa, yara sun hau tsamiya. Kaka ta zaɓi giginyoyi maza, masu baƙin jiki, ta bubbuga su da sandarta ta ce waɗannan. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ita da ƙanwarta suka zauna.

Baffa ya durƙusa ya fito da galan wofi da wani gwangwanin madara da ya lotse a gefe guda. Ya yi wa jama'a bayani, yana jin daɗin bakinsa. Wannan inji, in ji shi, ba kamar na mota ba ne, ba shi da ɗakin mai daban. A cikin fetur ake haɗa masa. In man ya yi kaɗan, cikinsa ya yi zafi ya liƙe, shi ke nan an yi asara. In ya yi yawa, ya shaƙe. Awonsa kuwa gwangwani goma sha shida na fetur, gwangwani ɗaya na mai. Ya ce ni 'yar boko in ƙirga masa. Na ƙirga a cikin mayafina, ba wanda ya ji sai shi. Ya zuba man, ya girgiza galan, fetur ya koma ruwan shayi marar madara.

"Nawa ka ce?" in ji Kaka daga tabarma.

"Sha shida da ɗaya, Inna."

"Ɗaya?"

Ta miƙe. A gidanmu akwai abin da kowa ya sani: wanda ya zo yi maka aikin ƙarfi, ko ɗan gayya ne ko magini, ba a auna masa mai a tuwo. Sai man shanu ya kwanta a kan miya har mutum ya ga fuskarsa. Kaka ta sha cewa gidan da ake ɗiga wa ma'aikaci mai da tsinke, sunansa ba ya wankuwa. Ga shi yanzu a gaban mutanen Kalgo, garin da ta tashi, ɗanta yana ɗiga wa mai yi mata aiki gwangwani ɗaya.

"Shi za ya kada min giginya, ya yanka, ku kuna tsaye. Sannan a ce ɗiyan wance sun yi mishi rowa? Ba a gabana ba."

Ta karɓi gwangwanin, ta cika shi har yana tumbatsa, ta juye. Ta sake cikawa ta juye. Har ta lakace abin da ya rage da yatsa ta goge a bakin galan.

Na kalli Baffa. Kunnuwansa suna motsi in ransa ya ɓaci, ranar sun yi ta motsi. Amma ɗa ba ya ce wa uwarsa ta yi kuskure a gaban mutanen gari, ko da ya yi shekaru a Kurmi. Ya ce, "An gode, Inna," ya girgiza galan, ya ɗura wa zarto.

Ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, ya sake. Can sai injin ya yi tari, ya kama da wata ƙara kamar ana yaga sabon ƙyalle. Jakuna suka tsinke, wani yaro ya faɗo daga tsamiya, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe har Baffa ya ɓace a ciki, sai ƙafafunsa muke gani. Ya kafa harshen a gindin giginya, ya ci kamar faɗin tafin hannu, sannan ƙarar ta fara sauka, but-but-but, ya mutu. Wani baƙin ruwa yana ɗiga daga bututun hayaƙinsa.

"Ya ƙoshi, barci yake ji," in ji wani masunci.

"Malam, in ara maka gatari? Nawa ba ya tari," in ji wani masuncin.

Baffa ya kwance wani ɗan ƙarfe mai farin kai, ya ce sunansa fulogi. Bakinsa ya yi baƙi, ya jiƙe sharkaf. Ya goge da gefen rigarsa, ya hura, ya mayar. Injin ya tashi, ya yi hayaƙi, ya mutu. Haka aka yi ta yi har rana ta take. Mutane suka fara raguwa. Baba yana tsaye, hannuwa a baya, yana kallon gabas. Iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa daga wani wuri mai nisa.

Kaka ta ce wataƙila bai ishe shi ba ne, a miƙo mata gwangwanin.

Nan Baba ya matso. Mutum ne da ba ya yawan magana, in zai yi sai ya gyara murya tukun. Ya durƙusa a bakin tabarma.

"Inna, mai kam ya samu, ya gode. Amma kin san wanda ya ci maiƙo ƙishi ke kama shi. Mun cika shi da mai, ba mu ba shi abin sha ba."

Kaka ta dube shi, ta dubi zarton.

"Mi yaka sha?"

"Fetur ɗin nan dai, Inna."

"To ku tsaya kuna kallonai? Ku ba shi mana! Haka aka koya muku?"

Baffa ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe. Ya juye abin da ke cikin zarton ya mayar a galan, ya jawo wata garwa wofi ya juye galan ɗin a ciki, ya raɗa mini cewa mai ya zama gwangwani uku, fetur nawa ke nan? Na tsinci 'ya'yan tsamiya na yi tsibi uku a ƙasa, kowane sha shida, na ture tsibi ɗaya gefe tunda an riga an zuba shi. Baffa yana zubawa ina ɗauke ƙwaya ɗaya-ɗaya. Sau ɗaya na ɗaga kai. Kaka ta juya mana baya gaba ɗaya, tana nuna wa ƙanwarta wani kwalekwale can tsakiyar ruwa, tana tambayar na wane ne. Kwalekwalen ba shi da wani abin kallo. Ba ta juyo ba sai da ta ji an rufe garwar.

Baffa ya wanke fulogi da fetur, ya shanya shi a kan dutse, ya mayar. Ja biyu injin ya kama. Hayaƙin ya yi siriri, ƙarar ta miƙe ba tari. Garin giginya ya yi ta feshi a kan ƙafafunsa, ja-ja kamar dusar dawa. Giginyar farko ta yi ƙara, ta karkata, ta faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Waɗanda suka tafi suka dawo da gudu. Masuncin da ya yi tayin gatari shi ya fara kama igiya ana jan ta biyu, kuma shi da 'yan'uwansa suka taya tsagawa.

Kaka ta sa aka kawo fura daga gidan ƙanwarta, kowa ya sha. Ta zagaya gumaguman tana bubbuga su, ta ƙi guda ɗaya, ta ce yana da taushi a ciki, a bar wa masu gona. Da Baffa ya zo wucewa, fuska duk baƙin hayaƙi, ta ce ya je ya wanke ido kada a ce ɗanta maƙeri ne.

Azarar ta iso Gwandu a motar da ta kai mu. Magini ya jera ta, aka shimfiɗa zana, aka ɗora ƙasa aka daɓe. Yayyafin farko ya same shi a kan rufin yana gyara indararo, ya sauko a jiƙe yana dariya. Kaka ta koma ɗakinta da yammacin nan. Ta kwanta a gado ta daɗe tana kallon sama, sannan ta kira ni ta ce in hau kujera in shinshina mata, ita dai tana jin warin fetur a azarar ta uku daga ƙofa. Na hau na shinshina. Akwai shi, kaɗan.