Ƙuli-ƙulin Iya Barira

A Kurugu, idan ƙamshin suyar gyaɗa ya cika lungun bayan masallaci da hantsi, ba sai an tambaya ba, Iya Barira ce ta ɗora tukunya. Shekara arba'in da ɗoriya tana wannan sana'a. Ta soya gyaɗa, ta murje, a kai inji, ta matse mai, ta mulmula tunkuzar ta yi ƙuli-ƙuli. Nata daban yake da na kowa, don tana zuba masa citta da ɗan barkono, ga wani abu na uku da ba ta taɓa gaya wa ko maƙwabciyarta ba.

Asalinta 'yar Rogo ce, aure ya kawo ta Kurugu gidan Malam Audu manomi. Haihuwa shida ta yi, ɗaya Allah ya bar mata, autanta Abdulsalami, wanda yanzu yake koyarwa a Kano. Da Malam Audu ya rasu, babu irin roƙon da Abdulsalami bai yi ba ta koma birni, ta ce ita ba za ta zauna inda ake sayen ganyen zogale ba.

Tana da ƙawa tun ta ƙuruciya, Turai, wadda suka tashi lungu ɗaya suna tallan kunu tare. Ita Turai ba ta bar Rogo ba, ta auri wani mai sayar da hatsi a Sabon Garin Rogo, Allah ya buɗa masa. Ta je Makka sau biyu, gidanta na siminti, ga wutar sola, ga firji, ga talabijin. Duk wannan bai taɓa tsone wa Barira ido ba. Ita ce ma da bakinta ta nema wa autanta auren Sadiya, 'yar Turai. Kuma kowace kaka, man farko da ta matsa daga sabuwar gyaɗa, galan guda, da babban kwano na ƙuli-ƙuli, gidan Turai ake kai su. Ba ta taɓa fashi ba.

Jikoki ne suka kawo abin da zinare da kujerar Makka ba su kawo ba.

Su biyu ne. Babbar an sa mata sunan Barira, ana kiranta Ummi saboda alkunya, shekararta goma. Sai ƙanenta Lukumanu mai shekara shida. Duk hutun makaranta na ƙarshen shekara, lokacin da an gama yankan dawa rumbuna sun cika, akan kawo su ƙauye su yi sati biyu: sati a Kurugu, sati a Rogo. Haka aka tsara. To amma Barira ta lura satin Rogo yana da wata irin miƙewa. Bara waccan kwana takwas suka yi a can. Bara tara. Duk tana riƙe da lissafin a ranta.

Bana kuwa, tun ana cirar gyaɗa Abdulsalami ya kira ta a waya ya miƙa wa Ummi su gaisa. Yarinyar ta gaishe ta da ɗoki, sannan ta ce, “Iya, mun ƙosa a yi hutu mu tafi gidan Hajiya.”

“Gidan Hajiya,” in ji Barira. “To, Allah ya kawo ku lafiya, takwara.”

Ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon galan ɗin man da ta riga ta cika ta toshe bakinsa da leda. Sai ta ɗauke shi ta tura ƙarƙashin gado. Kwanon ƙulin kuma ta juye a tire aka kai kasuwa. Shekarar nan ba a kai komai Rogo ba, kuma Turai ba ta aiko ta tambayi dalili ba. Wannan shirun ma ya ƙara ɓata wa Barira rai.

Sai ta duƙufa shiri. Ta binne dankali a yashi a kusurwar ɗaki don kada ya yi tsiro. Ta ware kwaryar gujiya. Ta hana a taɓa kabewa biyu da suka fi girma a kan rufin kicin. Ta shanya zoɓo, ta sa aka yi wa ɗakin baƙi sabon daɓe, ta sayi tabarma mai ja da kore. Akwai wani zakara da ta ƙi sayarwa tun sallar layya, tana ce masa, “Ci ka ƙoshi, masu kai suna hanya.”

Ranar da aka ce za su iso, ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, ta yi miyar taushe har mai yana taso mata. Ta yi wanka ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta kafa kujera a bakin zaure. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Can sai ga Sulle ɗan acaɓa ya sauke wata mata, ya hango ta ya rusuna.

“Iya, barka da yamma. Ai na ga mutanen Kano a tashar Karaye, sun yi girma wallahi. Sun shiga motar Rogo.”

“Eh, na sani,” in ji Barira. “Ni na ce su fara sauka can.”

Ta shiga gida ta rarraba tuwon a kwanuka, ta aika wa maƙwabta ta ce sadaka ce ta yi wa marigayi. Da Abdulsalami ya kira yana kame-kame, wai Sadiya ce ta ga gara su fara ajiye kaya a Rogo, sai ta katse shi.

“Auta, ni na ce maka wani abu ne?”

“A'a, Iya.”

“To ka gaishe su.”

Kwana shida tana jin labari a bakin masu dawowa daga kasuwar Rogo. An ga yaran da ƙanƙarar zoɓo a hannu. An ga Hajiya Turai ta kai su wajen tela. Duk wanda ya kawo labari sai ta ce, “Madalla,” ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, tana matsa kwanson kamar shi ya yi mata laifi.

A rana ta bakwai Sulle ya sauke su a ƙofar gida. Duk maganar da ta tanada ta gaya musu sai ta bi iska. Ta rungume Ummi, ta ja kunnen Lukumanu tana cewa, “Maigida, sai yau ka tuna kana da mata a Kurugu? Ina cefanena?” Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya leƙa ɗaki, ya fito ya ce, “Iya, har yanzu ba ki sayi talabijin ba?”

Ta haɗiye wannan. Ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a gindin dalbejiya, ta ɗauko ƙulin da ta soya jiya ta ajiye a gabansu. Ummi ta ɗauki ɗaya ta gutsura, sai ta zaro ido.

“Lah! Iya, a ina kika samo ƙulin Hajiya?”

“Ƙulin wa?”

“Na Hajiya mana, mai yaji-yajin nan. Kullum in mun je shi take fara ba mu. Bana ta ce babu, ta sayo mana wani a kasuwa, ko daɗi. Ashe ke ta ba wa.”

Barira ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Shekara nawa ke nan? Ita ke tsayuwa kan wuta hayaƙi na cin idonta, ita ke murza tunkuza har kafaɗunta su yi tsami, ashe can a Rogo da bazarta ake rawa. A nan Kurugu kuwa ba ta cika ba su ƙuli ba, tana ganin abin sayarwa ne, ba abin tarbar jika ba. Kaza take yanka musu. Ashe da hannunta take yi wa wata ado.

“Hajiya ce ta ce muku ita take yi?” ta tambaya, muryarta a sanyaye.

Ummi ta yi tunani. “Ba ta ce ba. Mu dai muna cewa ƙulin Hajiya, ita kuma sai ta yi dariya.”

“Ta yi dariya,” in ji Barira. “To. Gobe da safe kada wanda ya fita wasa.”

Washegari ta zaunar da su a tsakar gida ta yi aikin tun daga farko a kan idonsu. Ta soya gyaɗar da yashi har ta yi ja. Ta ba su suka murje ɓawon a faifai suna hurawa, yana manne musu a gira. Suka raka ta inji suka dawo. Ta zuba ƙullun a turmi, tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa da taɓarya, har mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a gefe. Lukumanu ya yi ihu kamar ya ga dabo. Ta yafito Ummi kusa ta raɗa mata sunan abu na ukun nan a kunne, ta ce ko uwarta kada ta gaya wa. Ummi ta mulmula nata ya fito a karkace, Lukumanu ya yi nasa siffar ƙadangare. Aka soya duka. A tokar murhun ta tura dankali, suka ci da zafinsa suna hura yatsu, bakinsu duk baƙi. Ranar ba a ambaci talabijin ba.

Amma ran Barira bai kwanta ba. Da ranar kasuwar Rogo ta zo, ta bar Lukumanu wajen maƙwabta, ta ɗaure ƙulin da Ummi ta yi a leda, ita da Ummi suka hau bayan Sulle.

Turai ta tarbe su a tsakar gidanta da fara'a. Aka yi lale, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyi, aka tambayi amfanin gona da mutanen Kurugu ɗaya bayan ɗaya, kowace tana amsawa da “lafiya ƙalau” ba ta kallon idon 'yar uwarta. Ummi ce ta fasa ƙwan.

“Hajiya, ga ƙuli, ni na yi da kaina. Ashe na Iya ne, ba naki ba!”

Turai ta karɓa ta yaba, ta ce wa yarinyar ta shiga ɗaki ta ɗauki zoɓo a firji. Da labule ya rufe sai ta gyara zama.

“To, Barira, faɗi abin da ya kawo ki.”

“Ni? Zumunci ya kawo ni. Na zo in ga mai ƙuli.”

Turai ta sunkuyar da kai, ta yi 'yar dariyar kunya. “Wallahi ban taɓa ce musu ni na yi ba. Tun Ummi na koyon magana ta ce ƙulin Hajiya, na ji daɗin abin, na ce gobe zan gyara mata. Goben ce ba ta zo ba.”

“Kwana shida, Turai. Sun wuce ta hanyata suka zo nan.”

“Biyar da wuni.”

“Shida.”

“To shida. Kin san me suka yi a cikinsu? Ƙeyarsu kawai nake gani. Suna gaban akwatin can tun safe, in na yi magana sai a ce, Hajiya bari a gama wannan. Abu ɗaya ne in na ɗauko suke juyowa su zauna kusa da ni, shi ne kwanon nan naki. Bana kin hana ni. Na san fushi kike yi, na ji nauyin tambaya.”

Wani daɗi ya ratsa Barira, ta yi maza ta ɗaure fuska don kada ya fito.

“Ai da kin aiko,” ta ce.

“Ai da kin faɗa.”

Turai ta ɓalli ƙulin Ummi ta tauna, ta ce gishiri ya yi yawa. Barira ta ce hannun koyo ne, kuma ko a haka ya fi na kasuwar Rogo. Daga nan hira ta ɓalle, har suka koma kan wata mai kunu da ta taɓa korar su daga bakin masallaci suna 'yan mata. Sai da Sulle ya yi ta matsa hon kafin Barira ta fito.

Yaran suka cika kwana takwas a Kurugu. Aka yanka zakara, aka sha rake, aka je roron gyaɗa a gonar marigayi, Ummi ta tara rabin kwarya ta ce da ita za ta tafi Kano. Da babansu ya zo ɗaukar su, Barira ta raka su har tashar Karaye, ta tsaya sai da motar ta ɓace.

A nan tashar ne wata 'yar Rogo ta tsegunta mata cewa Hajiya Turai ta yi wa yaran alkawarin keke, in sun zo dogon hutu na damina. Barira ta ce, “Madalla.” Ba ta koma gida ba sai da ta biya ta kasuwar dabbobi. Da yamma mutanen lungu suka ga Sulle ya sauke ta riƙe da igiyar wata jar akuya mai ciki.

Ta ɗaure ta a gindin dalbejiya, ta zuba mata harawa, sannan ta ɗauko waya ta kira Kano.

“Auta, kun sauka lafiya? Ba ni takwara.” Ta jira. “Ummi, kin yi akuya. Ta kusa haihuwa, kuma 'ya'yan ba za a sa musu suna ba sai kin zo. In an yi hutu ki gaya wa babanki a Kurugu za ku fara sauka.”