Kwana Uku a Tirmini da Sunan Kaka

Shekarar da aka kawo babbar kokawa Damagaram, ina aikin sakatare a wani biro, wato ofis, kusa da Zango. Ni kuwa tun ina lakwal, makarantar boko, ba abin da nake so kamar kokawa. Ranar wata Litinin da safe ina zaune, dosiye na takardun aiki jibge a gabana, hankalina yana can fili, don a makon ne ɗan kokawarmu zai kara da manya. Sai innata ta kira ni a waya, ta ce mijin gwaggonta ya rasu a Tirmini da asuba, ita har ta kama hanya. Ba ta ce in zo ba. Sanar da ni kawai ta yi, don sau biyu na taɓa ganin tsohon, kuma duka ina ƙarami.

Na yi masa addu'a, wannan kam na yi. Amma kafin in shafa, wata dabara ta riga ta shigo mini. Na gyara fuska, na ƙwanƙwasa ƙofar shef ɗinmu, wani dattijo mai tsanani a kan lokacin aiki.

"Shef, an yi mini rasuwa. Kakana ne, a Tirmini."

Ya cire tabarau ya yi salati, ya yi mini gaisuwa, ya ce in ɗauki kwana uku. Niyyata in koma gida in sake riga, in hau kabu-kabu sai filin kokawa, gaisuwa kuma in je in yi ran Lahadi. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Malam, da me za ka tafi?"

"Tasha zan je, shef."

"Kakanka ya rasu, ga mota tsaye, ka tafi tasha? Haba."

Nan take ya kira shofer mai tuƙa motar biro, ya kuma ce abokan aikina biyu su raka ni su yi gaisuwa a madadin biro. Haka aka sa ni gaban mota kamar wani babba. Muna fita daga gari ina jin kiɗan 'yan kokawa daga nesa, idona ya cika da ƙwalla, ɗaya daga cikin abokan ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne.

Da muka shiga Tirmini, shofer ya ce, "Dama ko hagu?" Na duba dama, na duba hagu, na ce garin ya canza ƙwarai. Sai da muka tsayar da wani mai amalanke ya nuna mana gidan.

An riga an dawo daga maƙabarta. Innata ta fito daga cikin gida ta gan ni tsaye tsakanin baƙi, ta dube ni sau ɗaya, ta gane akwai magana. Amma ba ta kunyata ni ba. Ta karɓi gaisuwarsu, ta sa musu albarka, ta ce a gaida shef. Motar tana juyawa ta ja ni bayan rumbu.

"Kai, me ka ce musu?"

Na faɗa mata duka. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, don ba a dariya a gidan makoki. Da ta natsu ta ce, "Mutuwarsa ka ɗauka ka sayi hutu da ita. To, kwana ukun da sunansa aka ba ka, nasa ne. Nan za ka yi su."

Ban taɓa aiki a biro kamar yadda na yi a gidan nan ba. Ni ne shimfiɗa tabarmi, ni ne cika butoci, ni ne kai ƙwaryar fura wurin baƙi. A nan na fara sanin mutumin da na kira kakana. Ashe shi ya riƙe innata shekara biyu lokacin da aka yi fari. Ashe rijiyar da nake ɗebo ruwa shi ya haƙa ta da hannunsa.

Rana ta biyu bayan la'asar, da mutane suka ragu, ƙanen mamacin ya yafuto ni. Tsoho ne siriri, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Ya sa bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ɗan birni, wayar nan taka tana kama rediyo?"

Muka zagaya bayan danga muka tsuguna, na rage murya. Mai sharhi yana ihu, tsoho yana murza ƙasa da dunduniya kamar shi ne a fili. Da namu ya ɗaga abokin karawarsa ya kayar, sai tsoho ya damƙe hannuna har na ji zafi, mu biyu muna murna ba sauti.

Daɗin da na ji ya sa na kwashe labarina na faɗa masa, na tambaye shi ko na yi laifi.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yayana da kake gani, ranar sunan ɗansa na fari, ana raɗa suna ya sulale ya tafi kokawa wani ƙauye. Sai da yamma ya dawo da kumburarren ido. Da yana ji, da ya ce kai ne jikansa na gaskiya." Sannan ya daina dariya. "Amma shi mai gidan aikinku, kirkinsa ka yi wasa da shi. Mamaci ya samu addu'arka, ba abin da ya rasa. Wancan ne kake da magana da shi."

Bayan sadakar uku na koma gari da ƙunshin gyaɗa da tsohon ya ba ni. Ɗan kokawarmu an kayar da shi washegarin ranar da muka saurara a rediyo, ban ga ko karo ɗaya da idona ba. A biro kowa ya zo ya yi mini gaisuwa, na amsa ba tare da na sunkuyar da kai sosai ba, don yanzu ina da abin faɗa a kan mamacin.

Maganar tsoho dai ta hana ni sakat. Sai da na yi kusan wata ina juya ta, sannan wata Juma'a na shiga wurin shef na ce masa ba kakana ba ne na jini, kuma kokawa na so zuwa. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Kwana ukun, can ka yi su?"

"Can na yi su, shef. Innata ta tsare ni."

"Allah ya saka mata da alheri," in ji shi. "Gobe in kana son kallo, ka zo ka ce kallo kake so, in hana ka da gaskiya. Je ka kawo mini dosiyen jiya."

Na fita na kawo masa. Har ya yi ritaya bai sake tayar da maganar ba.