Mai Hange a Kan Suri

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Hange, domin aikinsa ke nan: ya hau wani dogon suri a bayan garkensa, ya dogara sanda, ya baza ido. A lokacin ciyawa ce shimfiɗe har iyakar gani. Rabbi, siririn nan mai kama da damisa, ba ya farauta sai a fili, da gudu. Tun daga nesa Mai Hange ke gano shi, ya kurma ihu, shi ke nan. Da wannan ɗan ihun ya ci abinci shekara da shekaru, har ya ɗauka shi jarumi ne.

Sai dai mutumin bai san "ya isa" ba. Dabba in ta shiga garkensa, ba ta fita sai ta mutu. Dabbobin suka cinye ciyawa har saiwa, awaki na bi suna zuba kashi cike da irin ƙaya. Duk inda ciyawa ta mutu, ƙaya ta tashi. Rabbi ya rasa filin gudu, ya yi gaba. Gogan naka kuwa ya shiga gaya wa duniya shi ya kore shi.

Yunwa ta yi ta ɗibar garken, har ya rage 'yan tumaki, cikinsu da wata tunkiya mai ciki. Ta matarsa ce, ita kaɗai ta mallaka a duniya.

Wata safiya matar ta fito da adda.

"Maigida, bari in sassabe bakin garken nan. Jiya na ga sawun damisa."

"Ajiye! Allah ya ba ni shinge kyauta ki sare? Wace damisa, ina tsaye?"

"To me kake gani daga can saman?"

"Komai!"

Ƙarya yake yi. Ƙayar ta daɗe da fin surin tsawo. Ita kuwa damisa ba ruwanta da gudu, laɓewa take yi, ga shi ya shuka mata maɓoya har ƙofar gida. Da rana ya ji ɗan motsi a gindin surin, bai ko sunkuya ba, idonsa na can nesa inda ya saba.

Da yamma matar ta bi jini har bakin sarƙaƙiya, ta dawo da guntun igiyar tunkiyarta. Ta ɗaga masa igiyar.

"Wallahi ban ga komai ba," in ji shi.

"Yau dai ka faɗi gaskiya," ta ce, ta ɗauki addarta ta wuce.