Neman furar walimar Baba a Fakku

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina mai mota. Baba ya sauke Alƙur'ani yana da shekara saba'in da ɗoriya, an sa walima ranar Asabar, abu ɗaya kuma ya roƙa: furar gero zalla irin ta garinsu, Fakku. Tun da ya yi jinya bara abinci ba ya shigar masa, ya rame har rigunansa sun yi masa yawa. Da na ji ya ambaci abin da ransa ke so, ban tsaya tambaya ba.

Sai dai ni malalaci ne, na ce ko a hanya za a dace. A Dogon Daji muka fara tsayawa. Furar nan ta sha citta da kanumfari har ta fi ƙarfin geron, abokina ya shanye ƙwarya guda yana share hawaye. Ta Tambuwal ta yi laushi, nonon ma sabo ne, amma da na matsa wa mai furar da tambaya sai ta yi dariya ta ce akwai 'yar dawa a ciki. Kuɗin dunƙule ɗaya yanzu, da can ƙwarya cike yake saye. Muka sha, muka yaba, muka wuce.

Daga Tambuwal zuwa Kebbe hanya ta gwada mana hali. Gero ya yi kai dama da hagu, shanu suka tare mu sau biyu, ba su kuma nuna alamar sauri ba. Da hantsi muka shiga Fakku, aka nuna mana gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Rabonsu da juna ya fi shekara goma, tun wata 'yar magana da ba wanda ke tayarwa a gidanmu.

Bayan gaisuwa ta damo mana fura, na zaro sukari daga aljihu. Ta riƙe hannuna.

"Ba haka aka yi ba, ɗiyana. Da ruwa kaɗai aka fara ɗanɗana ta, kahin nono, kahin komi."

Na kurɓa. Geron ya shekara biyu a rumbu, daga gona ɗaya, an dafa shi da wutar kara, har ƙamshin hayaƙin yana biyo bayan maƙogwaro. Na ji kunyar duk yabon da na rabar a hanya.

Na ce ta dunƙula mana mu tafi da ita. Ta ce furarta ba ta kwana, ba ta kuma yarda wani hannu ya dama ta. Na roƙa, abokina ya roƙa, ba ta motsa ba. Sai da na gaya mata yadda Baba ya koma, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafi da ludayinta.

Haka muka kamo hanya da buhun gero, da damin kara a saman mota, da Gwaggo a kujerar gaba tana yi wa abokina faɗan gudu har Sakkwato.

Ranar Asabar ta daka, ta dafa, ta dama, ta kai masa da kanta. Baba ya sha rabin ƙwarya bai ɗago ba, ni kuwa ina tsaye ina ta hamdala a zuci, don na manta rabon da in ga haka. Tafiyar nan ta koya mini kada in riƙa ɗaukar saƙon tsoho a yadda ya faɗe shi kawai. Da ya ajiye ƙwaryar ya dubi ƙanwarsa.

"Na san in na aika a ɗauko ki, ba ki zuwa."

Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Shanye, Yaya, akwai saura."