Jinin Gidanmu a Ƙoƙon Wanzami

A gidanmu na Wurno maza ba su cika yin furfura ba. Kakanmu ya faɗi yana alwala. Mahaifinmu ya dawo daga fadama ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kawo masa ruwa ya cika, bai kai hamsin ba. Ƙanensa ma haka, a kan jaki, a hanyar Achida. Mutane suna cewa mutuwar salihai ce, ba jinya, ba wahalar da kowa, mu kuma mun karɓi maganar hannu bibbiyu.

Akwai abubuwa biyu da muke tinƙaho da su. Yawancin mazan gidan suna da ɗan tabo rawaya a fatar ido, ana ce masa shaidar gida. Ni ba ni da shi, shi ya sa na tashi ana tsokanata wai a kasuwa aka tsince ni. Na biyu shi ne jini. Duk shekara idan zafi ya kama, wanzamin gidan yakan zo ya yi wa manya ƙaho. Yana juye jinin a ƙoƙo kafin a binne shi, idan ya ɗan jima sai wani fari-fari ya taso a samansa. Wanzamin nan, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi wajen neman tukuici, sai ya ɗaga ƙoƙon ya ce jinin talaka ruwa ne, na gidan nan kuwa har da mai. Mu yi ta murna kamar an ba mu sarauta.

Wana ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Da safe yana fadamar albasa, da yamma yana ba da karatu a zaure. Shanun gidan suna hannun wani Bafillace, amana ce tun ta kakanni, kuma duk mako matarsa takan kawo nono da man shanu. Wana yakan zuba man a tuwo har sai malmala ta yi iyo.

A ƙarshen zamanin Turawa ina malamin En'e, wato hukumar gargajiya, a Rabah, da ɗan Turancina na elementare. Wani likita ya zo rangadi aka sa ni tafinta. Ranar ce wana ya shigo garin sayen iri, ya biyo ta rumfar da likitan yake duba mutane ya gaishe ni. Na lura likitan ya ƙura wa tabon idonsa ido. Bayan wana ya tafi likitan ya tambaye ni ko wane ne, da shekarun da mahaifinmu ya yi a duniya, da yadda ya rasu. Ina faɗa yana gyaɗa kai. Ya ce tabon nan alama ce ta kitse mai yawa a jini, ana gadonsa kamar yadda ake gadon tsawo, kuma shi yake toshe hanyoyin zuciya a hankali. Ya ce babu maganinsa a akwatinsa. Abin da zai iya faɗa kawai, mutumin ya rage man shanu da kitse, watakila a samu ƙarin lokaci.

Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na sha ganin wana yana tsayawa a hawan fadama ya dafe ƙirji, ya ce zafi ne kawai. Amma ni tun ina ƙarami tsorona da faɗa yake fita. Da na isa gida ranar Juma'a na tarar da shi a zaure ana cin abinci, ga baƙi, ga ɗalibansa. Maimakon in jira mu keɓe, sai na ɗauke kwanon man daga gabansa, na zayyana duk abin da likita ya ce.

Ya dube ni ya ce, "Mi kake hwaɗi? Shaidar gidanmu ce ta koma cuta don Nasara ya gani? Aje kwanon ga. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai."

Na ce, "Yaya, Baba ma babba na, mi ya hango? In ba ka bari ba, inda ya tahi za ka, kuma ba da jimawa ba."

Magana zarar bunu ce. A garinmu ƙane ba ya ambata wa wansa mutuwa a gaban mutane, balle da abinci a hannu. Wana ya wanke hannu ya shige gida, ni kuma na koma Rabah ina ganin ni aka yi wa laifi.

Ba a jima ba aka mai da ni Goronyo. Wata takwas na yi ban taka Wurno ba. Na ce ni na faɗi gaskiya, in yana son ganina ya aiko. Yau jikokinmu suna zuwa asibiti a ɗebi jininsu a kwalba, a auna kitsen, a ba mai shi ƙwaya, har a ce ya kawo 'yan'uwansa su ma a duba. Idan na gani nakan yi tunanin cewa abin da aka auna ɗin mun riga mun gan shi da idonmu shekara da shekaru, fassara ce muka yi masa ta son rai. Ni da na samu fassarar gaskiya kuma ban iya kai ta gida ba.

Lokacin cirar albasa aka aiko. Wana ya sunkuya zai ɗauki kwando, bai miƙe ba.

Bayan sadakar uku matarsa ta kira ni tsakar gida. Da can ni da ita wasa muke, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, amma ranar ko kallona ba ta yi sosai ba. Ta ce, "Malam ƙarami, akwai abin da ya hana ni hwaɗa maka. Tun ranar da kunka yi wagga magana bai sake taɓa man shanu ba. In an kawo daga ruga shina amsa da godiya don kada Bahillace ya ji kunya, in sun tahi ya ce in rarraba ma maƙwabta. Tuwo da miya zalla shika ci, har ya rame."

Na ce me ya sa bai aiko ba.

Ta ce, "Ya ce kar yaron ga ya ji, kai shi kumbure mashi. Amma duk wanda ya zo daga Goronyo sai ya tambaye shi ko ya gan ka, ko kana cin abinci."

Ban sani ba ko barin man ya ƙara masa ko da mako ɗaya, likitan ma "watakila" kawai ya ce. Abin da na sani shi ne tsakanin Goronyo da Wurno bai kai tafiyar yini a keke ba, kuma duk watannin nan kekena lafiyarsa ƙalau, yana jingine a ɗakina.