Malam Jaji, Makaniken da Ba Ya Karɓar Wankakkiyar Mota

Duk wanda ya saba bin titin Kura da safe ya san rumfar kwanon nan da ke gab da gadar kanal ɗin ban-ruwa, a ƙarƙashin darbejiya. Kafin masu shayi su sauke tukunyar farko, Malam Jaji ya share gabanta, ya jera sifanunsa a kan buhu, ya zauna bisa tsohuwar taya yana ɓantarar goro. Babu rediyo a garejinsa. In ka shigo da waƙa a wayarka, kallo ɗaya zai yi maka ka kashe ta da kanka. Kuna cikin gaisawa, in mota ta rage gudu za ta hau gada, sai ya karkata kai ya bar ka da “ina gajiya” a baki. Ni maƙwabcinsa ne, kuma har gobe wannan hali yana ba ni haushi, amma na san aiki yake yi.

Ya gaya min daga wannan ranin zai ajiye sifana, don gwiwoyi sun daina yarda ya shiga ƙarƙashin mota. To, yabon gwani ya zama dole, kuma ba zan jira sai ba ya nan ba sannan in zo ina cewa ai mutumin kirki ne. Gara ya ji da kunnensa, tun da Allah ya ba shi kunne mai kyau.

Motocin da ke ciyar da mu a yankin nan su ne a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda direbobi ke kira fowil. Su ke kutsawa gonakin Bunkure su fito da shinkafa da tumatir ta hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara. Gaban motar ke shan dukan, kuma ba ya faɗin ciwonsa sai an taka birki. Nan Jaji ya fi kowa. In ta yi ƙara siririya, zai ce takalmin birki ne ya cinye. In ta yi gurnani kamar ana niƙa, ƙarfe ya kai ga ƙarfe, an yi sakaci. Amma wadda ke hana shi zama ita ce bugu ɗaya tak, gwaf, daidai lokacin da nauyin mota ya zubo gaba, domin sau da yawa wannan ba birkin ba ne ma, wani abu ne da ke riƙe da ƙafar motar ya fara saki.

Yana da dokokinsa. Mai mota shi zai tuƙa, shi kuwa Jaji ya zauna a gefe, ya tuɓe takalmi ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Babbar dokar kuma ita ce kada ka wanke mota ka kawo masa. Mutanenmu kuwa ba sa iya kai mota gareji da laka, kamar yadda ba sa zuwa asibiti ba wanka. An sha yi masa dariya a kan haka, har wasu na cewa tsufa ne.

Dariyar ta ƙare a kan motar Hajiya Barira, mai injin casar shinkafa a Kura da gonaki a Bunkure. Lokacin dashe, motarta ce ke kwasar mata ’yan dashe ta bi da su ta kan gaɓar kanal, hanya ’yar siririya, ga ruwa mai zurfi a dama, ga gangara a hagu. Direbanta Hananiya ne, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu, a nan aka haifi ’ya’yansa duka. Shi ya fara jin gwaf ɗin nan. Ya gaya wa Hajiya, ta tura shi wani gareji a Kano. Kafin ya tafi ya gangara da motar mashayar shanu, ya tsoma ƙafafunta na gaba a ruwa, ya wanke ta tas. A garejin aka taka birki iya takawa, shiru. Aka canja takalmin birki dai, ya dawo, motar ta ci gaba da bugunta. Aka sake komawa, ya sake wankewa, aka sake jin shiru.

Daga nan Hananiya ya ce shi kam ba zai ƙara ɗaukar mutane a cikinta ba. Hajiya Barira mace ce mai alheri, amma bakinta ba ya jiran kowa.

“Hananiya, in ka gaji da aikin ka faɗa min,” in ji ta. “An duba an sake dubawa, an ce lafiyarta ƙalau. Kai kaɗai ke jin abin da ba wanda ke ji. Ko ka kwashi matan nan gobe, ko ka ajiye min makullina.”

Abincin gidansa ke nan, ga kuma sunansa, don a tasha an fara raɗe-raɗin cewa ƙirƙirar ciwo yake yi wa mota. Da la’asar sai ga shi a rumfar Jaji, motar na sheƙi, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinta.

Jaji ko miƙewa bai yi ba. “Wa ya ce ka wanke ta?”

“Baba, ai da kunya in kawo maka ita da laka.”

“Kunyarka ce ta toshe mata baki. Me kake ji?”

Hananiya ya kwatanta masa, yana yi yana kallon ƙasa kamar mai laifi. Jaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yarda ka ji. Saura ni in ji.” Ya zura takalminsa ya nufi injin Hajiya da ƙafa, ni kuma na bi shi don ba na son a ba ni labari.

Hajiya ta ce an riga an cire iri, in ba a dasa ba zai lalace. Jaji ya ce, “Hajiya, iri in ya lalace akwai wani. Matan nan kowacce akwai mai jiran ta a gida. Ki bar motar ta sha rana ta bushe, a loda mata buhuna maimakon mutane, kuma da ke za mu hau.” Ta yi tsaki, ta ce tsofaffin garin nan sun haɗa mata kai, amma ta yarda. Matan aka nemo musu wata motar.

Da motar ta bushe ƙayau muka tashi. Ni aka ɗora a baya kan buhuna, wai tumbina zai cike nauyin. A kan kwalta Hananiya ya taka birki, shiru. Ya ƙara, shiru. Ta tagar baya ina jin Hajiya tana cewa, “To, ina take?” Wuyan rigar Hananiya ya jiƙe sharkaf da gumi. Jaji dai idonsa a rufe, ya ce a hau gaɓa. Muka bi bakin ruwa muna tangaɗi har zuwa inda hanya ke gangarawa wata ƙaramar gada. Hananiya ya taka birki.

Gwaf!

Har a ƙashin bayana na ji ta. Hajiya ta yi salati. Jaji ya ce a ja da baya a sake takawa, ta sake bugawa. Ya ce, “Dama ce, ƙafar da ke bin bakin ruwa.” Ya sauka ya taɓa garen tayar, ba zafi, ya ce birki ba shi da laifi. Nan take aka sa jak, ya zura ƙarfe ƙarƙashin tayar ya ɗaga, sai ga ta tana gyaɗa kai. Bol-join ne, wato gwiwar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar mota. Robar da ke rufe shi ta yage tuni, giris ya tsiyaye, busasshiyar laka ta cika wurin. Jaji ya kankaro ta da farce ya nuna mana. Duk sanda aka wanke motar, lakar nan ta jiƙe ta yi laushi ta cushe ramin, sai ƙarar ta ɗauke har ta sake bushewa. Ya kwance noti, ya ɗan ƙwanƙwasa, kan ƙarfen ya fito daga gurbinsa ya faɗo masa a tafin hannu.

Gani ya kori ji. Hajiya ta dubi ƙarfen, ta dubi ruwan da ke gudu a gefenmu, ta zauna daɓas a kan buhu. Sannan ta juya ga direbanta.

“Hananiya, ka yafe ni,” ta ce. “Da ka bi maganata, da yau ban san inda zan sa kaina ba.”

“Ba komai, Hajiya, Allah ne ya kiyaye,” in ji shi, ya juya yana goge fuska da hularsa. Da ta fara faɗa a kan masu garejin Kano, Jaji ya tare ta, ya ce ba su da laifi, jiƙaƙƙiyar mota aka kai musu, shi ma da haka aka kawo masa ba abin da zai ji.

Labari ya riga mu isa gari. Ranar da motar ta koma aiki, da ta zo daidai rumfar Jaji, matan suka rangaɗa guɗa har masu shayi suka miƙe. Wata a cikinsu ta ɗaga murya: “Jaji na bakin gada, kunnen mota, ba a zo maka da wanka!” Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana neman sifanar da ke hannunsa. Ni na yi dariya har da hawaye, kuma ban ji kunya ba.

Malam Jaji, kai ne ka ce wa mutum “na yarda ka ji” a ranar da gari duka ya ce ƙarya yake. Kai ne ka taka da ƙafarka, da gwiwoyin nan masu ciwo, ka je ka tsaya gaban mai faɗa a kan motar da ba taka ba. Ba a taɓa kiran ka wurin taro an rataya maka komai a wuya ba, amma akwai gidaje a Kura da aka ci tuwon dare da uwa a tsakar gida saboda kai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya zame maka lafiya.

Ku kuma makanikai masu tasowa, ku rage hanzarin kwance ƙarfe, ku fara da saurare. Masu motoci, in direba ya ce ya ji abu, ku hau ku ji tare da shi kafin ku nemi makulli. A bar mota ta zo da lakarta.

Hananiya na nan a bakin aikinsa. Kowace safiya in ya zo gada da matan a baya, sai ya taka birki da gangan daidai rumfar. Jaji ya karkata kai, ya saurara, ba ya jin komai, sai ya ɗaga masa hannu ya wuce. Wannan shirun, Malam Jaji, aikinka ne.