Ashanar da Ban Ƙyasta Ba

Jiya kwalbar fetur ta fashe a bakin Zongo. Warin ya tuna mini da marigayi tsohon Fada, ɗan mishan na Katolika mai sayen goro a wurina.

Ran da muka kama ɓarawo a kasuwar Misebo, mun fasa masa kai, mun rataya masa taya, mun tuttula masa fetur. Ashana tana hannuna. Sai tsohon ya kutso ya rungume shi, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Alhaji, ƙyasta mana. A ƙasashe da dama na binne ƙonannu. Ko'ina ƙaurin ɗaya ne, kuma mai ashana ba ya ƙara barci."

Na yar da ita.

Fada, Allah ya raba ka da wuta, yadda ka raba mu da ita, ni da ɓarawon.